Cikin Sabuwa a Gaban Alƙali

A kakar da ta biyo bayan babban fari, duk Gagarawa babu macen da ta kai Sabuwa sussuka. Mijinta Ya'u ya rasu ya bar ta da ciki da yara biyu, gonarsa kuwa wansa Dogo ya riƙe, wai sai an raba gado. Zaman takaba bai yi mata ba tunda tukunya babu komai, sai ta ɗauki taɓarya ta shiga gidajen mutane sussukar gero, ana sallamarta da kwanon hatsi. Abin da ke ba ta ƙarfin tsayuwa daga hantsi har la'asar ba ɓoyayye ba ne: ƙwaya ce, 'yar farar nan da leburori ke sayowa a kasuwar Maigatari.

Dogo, wanda ko zangarniya ɗaya bai taɓa aiko mata ba, shi ne tausayin ɗan ƙaninsa da ke ciki ya kama farat ɗaya. Ya yi sammako zuwa Gumel, ya faɗi gaban alƙali ya ce matar nan tana kashe abin da ke cikinta, a ɗaure ta har ta haihu.

Da sammaci ya iso, Sabuwa ta ajiye taɓarya. Ta ji tsoron haihuwa a gidan yari, ta ji tsoron barin yaranta a hannun Dogo. Amma ita ba mai ɓuya ba ce, ta ɗaura ɗankwali ta hau mota.

Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce, "Sabuwa, kina shan ƙwaya?"

"Ina sha, Allah ya gafarta Malam."

Dogo ya gyara zama, har da shafa gemu.

Alƙali ya ce, "To ki sani, cikin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Rai ne, yana da haƙƙi, kuma shari'a na tsaya masa tun bai faɗo ba."

Sabuwa ta ce, "Na ji, kuma gaskiya ne. In yi tambaya, Malam? Haƙƙin nan nasa, a kaina kaɗai yake?"

"A'a."

"Yana da gado?"

"Yana da shi. Don shi ma aka dakatar da rabo."

"To gonar ubansa ta yi gero bana, Yaya Dogo ya cika rumbu. Ni ban gani ba, mai haƙƙin ma bai gani ba. Ƙwayar nan ɗaci gare ta, Malam, ba don marmari nake sha ba. Hannuna ne ba ya ɗaga taɓarya sai da ita."

Hannun Dogo ya sauka daga gemu. Ya fara kame-kame, alƙali ya ɗaga masa hannu. Nan take aka yanke: geron gonar Ya'u na magada ne, a fito da shi daga rumbun Dogo a kai wa uwar marayu, mai unguwa ya shaida. Ɗauri kuwa babu, don alƙali ya ce ba zai kulle marar laifin da ke ciki tare da mai laifi ba.

Sabuwa ta yunƙura za ta yi godiya, ya dakatar da ita.

"Ban wanke ki ba. Daga yau kin bar ƙwaya. Ranar da kika sauka, ungozoma za ta zo ta faɗa mini yadda yaron ya fito. In ya zo da lahani, ni da ke ne."

Maganar ta soke ta, don ta san watannin da ta kwashe tana sha, kuma babu mai dawo mata da su. Duk da haka ta ɗago kai ta ce, "Na yarda, Malam. In na cuce shi, da ƙafata zan zo."

A bakin tasha, tana jiran motar Gagarawa, abin cikin ya motsa. Ta ɗora tafinta a kai ta ce a hankali, "Kai ka ci shari'arka. Tawa kuwa sai ka fito."