A Kai Ni Kusa da Saimoni

"Zauna mana, kin tsaya mini a kai kamar mai jiran sallama," in ji tsohuwa Senimili daga kan tabarmarta.

Vasiti ta ajiye kwanon romon kifi da dafaffen rogo, ta zauna a gefenta. Shekara sittin da biyu suna maƙwabtaka, tun a tsohon ƙauyensu na bakin teku, kafin ruwa ya kore su zuwa kan tudun nan shekara shida da suka wuce. Ba su taɓa yin sati ba su yi cacar baki ba.

"Ki ci ko loma biyu ne, Maman Epeli."

"Girkinki? Ina da lafiyata ma ban ci ba."

Vasiti ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta dubi hannuwan Senimili da suka zama ƙashi da fata. Su suka karɓi haihuwar rabin ƙauyen, har da 'ya'yan Vasiti huɗu. Da guguwa ta kife da kwalekwalen Saimoni, mijin Senimili, da kamun ƙaguwa ta raini yara biyar, kullum Asabar tana kasuwar Savusavu da kwando a baya. Jikokinta goma sha bakwai, kowanne ya rantse shi ne ɗan lelenta.

"Magana zan ba ki," in ji Senimili, muryarta ta yi ƙasa. "Epeli ba ya son in ambaci mutuwa, sai ya tashi ya fita. Ki faɗa masa kada a sa ni a tudun nan. Ban san kowa a ƙasar nan ba. A kai ni kusa da Saimoni."

Vasiti ta sunkuyar da kai. Tun daminar bara igiyar ruwa ta kwashe layin kaburbura na gaba, har da na Saimoni. Epeli ya bi gida-gida yana roƙon kada a gaya wa mahaifiyarsa, tunda ƙafafunta ba sa iya kai ta can.

"Kin yi shiru."

"Na ji."

"Ban ce ki ji ba. Ki ce to."

"To."

"Kina zuwa kina share masa ciyawa kuwa? Yaran nan ba su da kirki."

"Ina zuwa," in ji Vasiti.

Ranar Laraba da hantsi aka buga gangar coci, bugun sanar da mutuwa. Vasiti na wanki a bakin famfo, ta san ko ta wace ce. Ta ƙarasa matse zanen da ke hannunta, ta shanya, sannan ta nufi gidan Senimili.

Ta iske Epeli a bayan gida, shi kaɗai, yana wasa addar da za a share wurin kabari da ita. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

Ya ci gaba da wasa addar. "Gwaggo, ina zan kai ta? Ki nuna mini wurin. In ruwa ya cika, kwalekwale ne ke wucewa ta kan Baba."

"Na sani."

"To me ya sa kika ce mata to?"

"Da kai ne, me za ka ce?"

Ya ajiye addar, ya rufe fuskarsa da tafukansa. Mutum mai shekara hamsin da biyar, kafaɗunsa suna rawa. Vasiti ta dafa kansa, kan da ta riƙe ranar da aka haife shi, domin a ranar ita ce ta tsaya wa Senimili.

Aka sa jana'iza ranar Asabar, don Unaisi, 'yar marigayiyar, ta samu isowa daga birnin Suva. Mata suka cika gidan da tabarmi, maza suna fere gwaza, jikoki suna ta gwajin waƙar da za su rera a coci, ƙananan suna ɓata baiti ana gyara musu.

Da safiyar Asabar, ruwan teku ya janye, Vasiti ta gangara tsohon ƙauye da sandarta. Tafiyar da ta saba yi kafin ruwan shayi ya tafasa, ta ɗauke ta fiye da awa. Ta wuce ginshiƙan gidajensu, ta wuce kututturen kwakwa da suka mutu a tsaye. Ta ƙirga taku daga matakalar tsohuwar coci, ta tsaya inda take zaton nan ne kabarin Saimoni. Babu dutse, babu alama, sai jiƙaƙƙen yashi. Ta durƙusa, ta cika gefen zanenta da shi, ta ƙulle.

Lokacin da ta hauro, an riga an saukar da akwatin, fasto yana addu'ar ƙarshe. Mutane suka buɗa mata hanya. Ta kwance ƙullin a bakin ramin, yashin ya zuba a kan tabarmar da aka naɗe akwatin da ita. Epeli ya dubi yashin, ya dube ta, ya gane.

Wata 'yar ƙaramar ƙaguwa ta fito daga cikin yashin, ta ɗan tsaya, sannan ta bi gefe ta shige ƙarƙashin tabarmar.