Hujin Kan Duro

"Ƙasar da ke barin zafi ya tafi a banza ba za ta ci gaba ba," na ce, ina nuna murhun Baba Obadiya da biro.

Baba Obadiya maƙwabcina ne a Kachalla Sembe. Shekara talatin yana narka tsofaffin gwangwanaye yana zuba tukwanen sanholo. Ni kuwa malamin kimiyya ne, da digiri a bango.

"Tica, zafi ai na Allah ne," ya ce. "In ya gama aiki ya tafi."

Na bayyana masa cewa ba haka ba ne. Matarsa, Mama Lois, tana turara shinkafa a bayan gida, kuma a 1994 itace ya yi wuya. Idan aka ɗora duro cike da ruwa a inda wutar murhu ke fita, aka ja bututu zuwa tukunyarta, tururi zai zo kyauta.

"Ka bari Tica ya gwada mana," in ji Mama Lois. "Kai ka taɓa ɗauko itace?"

Abin ya yi aiki, wannan ne laifinsa na farko. Mata suka zo kallo har daga Majidaɗi. Na fara rubuta maƙala.

Irin wannan duro yana buƙatar bawul da zai saki tururi idan ya yi yawa. Babu shi a Jalingo. Na huda saman duron, na ɗora ƙaramin ƙarfe a kan hujin, na ce zan kawo na gaske daga Yola. Na yi masa jawabin awa guda a kan makamashi. Amfanin hujin ne kawai ban faɗa ba, don a ganina kowa ya sani.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga tukunya sama yana neman inda haske ke shiga, abu ɗaya ya sani game da huji. Wata uku yana jin duron na tsiyaya yana huci. Wata Talata da hantsi, ina aji, ya narka sanholo ya toshe shi tsaf.

Ran nan duron ya fashe. A asibiti na same shi a naɗe tun daga wuya har cinya. Mama Lois na gefe tana kore ƙudaje da hannun hagu, na daman ma a naɗe.

"Tica, yi haƙuri," ya ce a hankali. "Na ɓata maka inji."

"Baba, hujin nan…"

"Na gani tun farko. Ban so in faɗa a gaban mutane ba. Ka yi karatu, amma hannu sai a hankali."

Ya kwana huɗu ya cika.

A wurin jana'iza fasto ya ce marigayin mai son ci gaba ne, har ya ambaci sunana. Mutane suka juyo suka gaishe ni da kai. Na amsa.

Maƙalar ta fito a bara, ba tare da maganar huji ba.

Mama Lois ta koma turara shinkafa da itace. Kullum da safe takan wuce ƙofata da dami a ka, hannun hagu na riƙe da shi, na daman a lanƙwashe a ƙirji.

"Tica, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Mama."

Sai ta gyara gammo ta wuce.