Injiniyan da Na Ƙera da Bakina

Ƙwallon ya faɗo wajen Auta, ya cafe shi da hannayen nan nasa masu tabon tartsatsin walda. Dokar wasan ke nan: wanda ƙwallo ya samu zai miƙe ya faɗi abin da yake son ya zama. Matasa ashirin da uku ne zaune a kujerun roba, fanka ɗaya tana juyi a kanmu kamar an yi mata dole. Ni kuwa ina tsaye kusa da baƙuwa, don ni ce tafintar wannan cibiya ta matasa.

Auta ƙanena ne, shekararsa sha shida. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai ubangidana ya yaye ni, in samu ɗan shagona da injin walda ɗaya. Ƙofa da taga. Shi ke nan."

Baƙuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta ɗauki hutu, ta tsallako daga ƙasarsu don ta yi mana aikin sa-kai na mako shida. Yaran sun laƙaba mata Doguwa, ita kuma tana amsawa da murna. Ta juyo gare ni da alƙalami a hannu.

Kafin a zo kan Auta an yi likitoci huɗu, matuƙan jirgin sama uku, da lauya ɗaya. Ba duka ne suka faɗi haka ba, bakina ne ya yi wa wasunsu ƙarin girma. Tun ranar da aka ɗauke ni aiki Oga, shugaban cibiyar, ya ja kunnena. Ya ce, "Ƙaramin buri ba ya sa baƙo hawaye, baƙon da bai yi hawaye ba kuwa ba ya aiko da komai." Amma a kan Auta ba zan ɗora wa Oga ba. Kunya na ji, a ce ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, burinsa bai wuce ƙofa da taga ba.

Na ce mata da harshensu, "Yana son ya zama injiniya, ya gina gadoji."

Doguwa ta dafa ƙirji. Ta kama hannayensa ta juya su tana duban tabon, idanunta suka ciko.

A hanyar gida Auta ya ce, "Yaya, me kika ce wa matar nan? Ko cewa kika yi ina da ciwon ajali?"

"Gishiri na ɗan ƙara."

"Kin dai zuba buhu guda," in ji shi, muka yi ta dariya har ƙofar gida.

* * *

Kada in ci amanar Doguwa, mutuniyar kirki ce. Washegari ta kawo masa littafi mai hotunan gadoji, wasu a kan teku, wasu rataye tsakanin duwatsu. Ta soma koya masa lissafi da la'asar, ni ina fassarawa. Abin haushin shi ne kan yaron na ja. Abin da ni na kwashe shekara ina kokawa da shi a makaranta, shi a kwana uku ya haɗiye. Ta daina kiransa Auta, sai Injiniya. Da farko yana sunkuyar da kai, daga baya ya fara amsawa.

La'asar ɗin nan kuwa ita ce lokacin da aiki yake cika shagon ubangidansa. Wata biyar kacal suka rage a yaye shi, bayan shekara uku yana shan hayaƙi da tsawa. Ubangidan ya zo gidanmu da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama, ya tsaya a tsakar gida ya ce da Mama, "Yaron nan yana da hannu. Amma ba a hawa doki biyu. In ya sake tsallake mini la'asar, akwai masu jira."

Mama tana wanki, ta ɗago ta dube ni. "Ke kike jin maganarsu. Matar nan da gaske take?"

A ranar Doguwa ta ce in gaya wa Auta za ta yi magana da wasu mutane a ƙasarsu, wataƙila a samo masa makaranta. Wannan kam ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba, har wataƙilar na faɗa masa. Sai dai kunnen ɗan shekara sha shida ba ya jin wataƙila.

Na ce, "Da gaske take, Mama."

"To. Kada dai a saki reshe a kama ganye." Ta mayar da hannu cikin kumfa.

Nan ne ya kamata in ja shi gefe in ce, Auta, gadar nan ni na gina ta, koma shagonka. Ban faɗa ba. Ina jin daɗin yadda maƙwabta suka fara ce mini yayar Injiniya.

* * *

Baƙo raɓa ne. Mako shida suka cika, aka ɗauki hotuna, Doguwa ta yi kuka na gaskiya, mota ta kai ta filin jirgi. A watan farko saƙonta yana shigowa wayata duk mako, Auta yana tsaye a kaina ina karanta masa. A wata na biyu ta ce mutanen suna neman takardun makarantar da ya gama, shi da ya tsaya a aji shida. A na uku ta ce mahaifiyarta ba lafiya. Daga nan sai hoton zuciya take turowa. Shi wannan ba ya bukatar tafinta.

Kafin nan ubangidan Auta ya riga ya sallame shi. Na je wurinsa ni kaɗai, na durƙusa a cikin gutsattsarin ƙarfe. Bai wulaƙanta ni ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya nuna mini wani yaro a gurbin Auta. Ya ce, "'Yata, in na kori wannan me zan ce wa uwarsa?"

Yanzu Auta dako yake yi a bakin kasuwa. Ba ya faɗa da ni, ba ya kuma tsokanata. Rashin tsokanar ne yake cina.

* * *

Bana aka kawo mana sababbin baƙi, samari biyu masu fara'a. Oga ya sa a tara yara, ya ce duk wanda ya zo yana da riga da lemon kwalba. Ina jera kujeru sai ga Auta ya shigo, ƙurar siminti har gashin ido. Ya wuce ta ƙarƙashin babban hotonsa da aka manna a bango bai ɗaga kai ba, ya zauna a kujerar ƙarshe.

Aka fara wasan. Na yi ta addu'a a zuci ƙwallon ya tsallake shi, bai tsallake ba. Ya miƙe a hankali, ɗaya daga cikin samarin ya tambaye shi abin da yake son ya zama. Dole na fassara masa.

Auta bai dubi baƙon ba, ni ya duba, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Faɗa musu duk wanda ya yi miki, Yaya. Ke kika iya."

Ya zauna ya buɗe lemonsa da haƙori. Samarin biyu suka juyo gare ni suna murmushi, suna jira.