Mai Buɗe Ƙofar Benci

Gwen Niemela ba faɗuwar mai tsaron raga take kallo ba, tashinta take kallo. Ita ma raga ta tsare a wasan hoki na kan ƙanƙara, tun tana firamare a arewacin Minnesota, tana zubewa bisa gwiwoyi, ƙafafu a baje, har kwatangwalonta ya lalace kafin ta cika talatin. Likitoci suka sa mata na ƙarfe. Yanzu koci ce a wata ƙaramar kwaleji, kuma ko a majami'a a zaune take addu'a idan jama'a sun durƙusa.

Ranar Alhamis wajen atisaye ta ga mai tsaron ragarta, Britta Sundquist, 'yar ajin ƙarshe, ta zube ta tare ƙwallo, sannan ta dogara sanda kafin ta miƙe, ƙafar hagu na biyo baya. Asabar ce wasanta na ƙarshe.

"Tun yaushe?" in ji Gwen, bayan sauran sun watse.

"Tun yaushe me, Koci?"

"Kina tashi kamar kakata."

Britta ta kwashe da dariya. "Kai, Koci! Ke da agwagwa ta fi ki iya tafiya?"

"Shi ya sa nake tambaya."

Dariyar ta ɗauke. "Tun Kirsimeti. Wasa ɗaya ya rage mini a duniya. Babana har shago zai rufe ya taho. Don Allah ki bar ni in gama, in ya so ranar Litinin likita ya yi yadda ya ga dama da ni."

"Haka na roƙi nawa kocin, ya kuwa bar ni."

"To, kin yi nadama?"

Gwen ba ta taɓa yin nadama ba. Duk radaɗin da ke tashinta da asuba bai kai daɗin wancan wasan nata ba, kuma ba za ta yi wa yarinyar ƙarya ba.

"Ban yi ba," ta ce. "Amma ba za ki shiga ba."

Ranar Asabar 'yan wasa suka bi layi suna ɗan bubbuga sanduna a ƙafafun wata 'yar ajin farko da aka sa a raga, don ƙarfafa mata gwiwa. Britta ta tsaya inda mai jiran gado ke tsayawa, a ƙarshen bencin 'yan wasa, tawul a wuya, tana buɗe wa masu shiga fili da masu fita ƙofar shinge. Mahaifinta na zaune a sama cikin 'yan kallo, hularsa a cinya. Aka ci ƙungiyarsu a wasan.

Da aka tashi, ta riƙe ƙofar har kowa ya wuce. Gwen ta zo daga ƙarshe, tana ɗingishi.

"A taka a hankali, Koci," in ji Britta, ba ta ko dube ta ba.