Mashigar da Mitwalli Ya Toshe

Kifin da ake kira buri ba shi da amana. Ka ciyar da shi tun yana kamar ɗan yatsa, amma da kaka ta yi ya ji ƙanshin ruwan gishiri, sai ya juya maka baya ya nufi teku. Shi ya sa bana Mitwalli ya cika buhuna da laka ya toshe mashigar shingen kifinsa a gefen tafkin Manzala na ƙasar Masar, alhali ta nan kaɗai sabon ruwa ke shigo masa. Tsufa ya zo, ya gaji da yi wa teku kiwo.

Da fari lafiya lau. Sai ruwan ya soma yin kore yana kauri, ga dattin magudanar gonaki na ta tsiyayowa ta baya, ba mafita. Ran nan da safe ya tarar kifin duk sun taso sama, bakuna a wangale.

"Baban Sabri, kifin naka wa'azi suka fara ne?" in ji matarsa Badriyya daga cikin kwalekwale, ta toshe hanci da mayafi. "Don Allah ka buɗe musu."

"In buɗe su gudu?"

"Wanda ya gudu ai wani zai ci. Ruɓaɓɓe fa, wa zai ci?"

Ya shiga ruwan har ƙugu, ya dinga janye buhunan yana haki, ransa a jagule, don ya san abincin shekara yake buɗe wa ƙofa. Ya haƙura, su tafi da ransu, ko rabi ne ya samu.

Da ya cire buhun ƙarshe sai ya tsaya jiran sanyin sabon ruwa ya daki cinyoyinsa. Shiru. Na wajen ma ɗumi ne, kore shar, ko motsi ba ya yi.

Can gaba ya hango maƙwabcinsa Shahata zaune kan nasa tulin buhunan, ya yi tagumi.

"Kai Shahata! Kai ma toshewa ka yi?"

"To Kawu, a wurin wa na koya? Na gabana ma ya toshe, na gabansa ma haka. Har bakin teku."

Mitwalli ya zauna kan jiƙaƙƙen buhu, ƙafafunsa a ruwa. Ga ƙofa a buɗe, kifin sun taru a bakinta, ko ɗaya bai fita ba. Wani babba ya zo daidai gwiwarsa, ya juya farin cikinsa sama.