Laifin Birki Ne

Baba Na-iya bai taɓa buge komai da mota ba a rayuwarsa. Abubuwa ne dai ke tasowa su buge shi. Ginshiƙin ƙofar gida ya taso, durom ɗin sharar maƙwabci ya taso, har wata baiwar Allah bishiya da ke tsaye a bakin titi tun kafin a haife shi, ita ma ta ga dama ta shigo masa hanya. Kowane karo amsarsa ɗaya ce: “Birki ne. Na taka, bai kama ba.”

Sunan nan ’ya’yansa ne suka laƙaba masa a bayan ido, don tun da ya yi ritaya daga aikin awon filaye babu abin da ya lalace a gidan bai ce ya iya gyaransa ba. Fankar falo shaida ce, tun da ya taɓa ta sai an tura ta da sanda take tashi.

Bayan maganar bishiya ne ’yarsa ta fari, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta, ta zo ta gaishe shi da ladabinta, sannan ta sauke abin da ya kawo ta.

“Baba, mun yi shawara da ƙannena. Mukullin motar nan za ka ba mu. Duk inda za ka, a kai ka.”

“A kai ni? Ni buhun siminti ne?”

“Ba haka ba ne, Baba.”

“To yaya ne? Ki bari in gyara birkin. Ki zo ki zauna a gefena mu zaga unguwa. In kin ga aibu ko na ƙwayar zarra, ki zare mukullin da hannunki.”

Ta amince, ya yi dariyar mai nasara. Amma a ransa tsoro ne fal. Motar nan ita kaɗai ta rage a gidan da yake juyawa ta juya. In aka karɓe ta, ya san makomarsa: kujera a gindin taga, yana jiran wani yaro da ya yi wa tsarki da hannunsa ya samu sararin kai shi aski.

Mutum mai hankali sai ya kai wa bakanike. Baba Na-iya ya ce ai su suka kashe ta tun farko. Kuma shi ba gyara zai yi ba, ƙari zai yi. Ya kalli wani bidiyo a waya, ya yo odar manyan farantan birki da sababbin kalifa, wato ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke cije farantin. Irin na motar tsere, in ji shi. Motar da in ta hau gada sai an kashe mata iyakwandishan!

Ya ɗaga ta a jak a tsakar gida, ya shimfiɗa kwali, ya jera sifanu kamar mai shirin tiyata. Cire tsofaffin ya ci masa fatar yatsu, ɗaura sababbin ya ci masa gwiwa, amma ya ɗaura. Ya shiga ya taka birki yana murmushi, ƙafarsa ta tafi zuruf har ƙasa.

“Iska ce,” ya ce wa kansa. “Ƙaramin alhaki.”

Sai dai cire iska daga birki ba aikin mutum ɗaya ba ne. Dole wani ya zauna a ciki yana takawa, wani yana ƙasa yana kwance ɗan notin da iskar ke fita. Kuma babu kowa a gidan sai matarsa, Mama, wadda ba ta taɓa zama a bayan sitiyari ba, ba ta kuma taɓa sha’awa ba.

“Wanne zan taka, Malam?”

“Na tsakiya. In na ce taka, ki taka. In na ce riƙe, ki riƙe. Kar ki saki sai na ce.”

“To.”

“Taka! Taka! Riƙe! Kin riƙe?”

“Na riƙe.”

“To me ya sa nake jin ya dawo?”

“Sauro ne ya cije ni a ƙafa.”

Haka suka wuni. Man birki ya bi hannunsa ya gangara har hammata, kwalba ta ƙare ya buɗe wata, ita ma ta bi sahu. Mama ta ce ita dai kamar soso take takawa. Ya zargi tiyo, ya canja tiyo. Ya zargi man, ya zagi wanda ya sayar masa har kakansa. Ya zargi Mama, ta ce to ta sauka mana, ya ce a’a, wasa yake yi.

Yana kwance a kan kwalin nan, bayansa na zogi, yatsansa a kan ɗan notin, sai abin ya faɗo masa. Iska sama take hawa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna tudu da kwari ai bai kamata a gaya masa wannan ba. Notin kuwa ga shi nan a ƙasa yana kallon kwali. Ashe kalifan ne ya musanya, na dama a hagu, na hagu a dama, duka biyun a kife. Ko shekara za su yi suna takawa, iskar na can sama ta miƙe ƙafa.

Mama ta fito tana ɗingishi, ta leƙa. “Ai kuwa ga alama nan a jikinsu ɓaro-ɓaro, kowanne da gefensa. Ba ka gani ba?”

“Na gani mana. Gwada su nake yi.”

Da ta shige ciki ya kawo fuskarsa dab da ƙarfen. Ya ga baƙi-baƙi kawai, kamar an shafa toka. Ya goge ido da bayan hannu, ya sake dubawa, haka dai. Gabansa ya faɗi, sai ya ce ai inuwar mota ce, ya jawo sifana.

A faɗi gaskiya ko don Allah, da ya musanya su aikin ya yi kyau. Iska ta fito tana tusa a cikin kwalba, birki ya yi tauri kamar dutse. Ya ɗaure komai tamau, ya bi ya sake ɗaurewa.

Ranar gwaji Nas ta zo da rana tsaka, ta zauna a gefensa ta ja bel. Tun kafin su bar layin ya ce ta lura, ya danna birki. Jakarta ta tashi daga cinyarta ta daki gilas.

“Kin ji ko? Wannan shi ne birki! Da can sabulu nake takawa, kuna cewa tsufa.”

Suka hau miƙaƙƙen titin da ya wuce ta gaban kantin magani, babu cunkoso, rana tar. Yana tuƙi yana ba ta darasi a kan yadda iska ke hawa sama, da yadda yaran yanzu ba su san komai ba sai danna waya.

“Baba!”

Ƙafarsa ce ta ji ihun kafin kansa. Motar ta ƙame cak, kamar an kafe ta da ƙusa.

A gaban bambar motar, tazarar da ba ta kai taƙi ba, wata mata ce tsaye da goyo a baya, sanye da riga ja wur, ta rungume kiret ɗin ƙwai. Ba daga lungu ta ɓullo ba. Ta riga ta ci rabin titi. Sai yanzu ya gan ta.

Matar ta daki bonet da tafin hannu. “Kai tsoho, makaho ne kai? Tun daga can nake ɗaga maka hannu!”

Ya buɗe baki don ya faɗi abin da ya saba faɗa. To me zai ce? Birki ya kama, kamun da bai taɓa yi ba. Shi da hannunsa ya ɓata kwanaki a ƙarƙashin mota yana gyara shaidar da za ta kayar da shi.

Nas ta kwance bel. Ta fita ta ba matar haƙuri, ta riƙe mata ƙwan har ta tsallaka. Da ta dawo sai ta tarar ya fito, ya zagayo, yana dafe da murfin ƙofar gefenta.

“Koma can ki ja,” ya ce, bai dube ta ba. “Akwai wata ’yar ƙara a tayar nan, ta wannan gefen nake so in saurara.”

Babu wata ƙara, su biyun sun sani. Ta shiga ta gyara kujera, ta tayar da mota. Da suka iso kwanar gida ta taka birki a hankali.

“Baba, wallahi birkin nan ya yi kyau.”

“Ki riƙa taka shi da wuri,” ya ce, fuskarsa na wajen taga. “Yana da kamu.”