Sunan da Ya Rage a Bakin Shafa'atu

Da Shafa'atu ta haihu a Damari, aka sa wa yaron Badamasi, sunan mahaifinta marigayi. Bakinta ba zai iya kiran sunan uba ba, sai a nemo wa yaro laƙabi. Ita kuwa tana da shi a zuci: Wagina. Haka duk mutanen garinsu Mabai ke kiran babanta, mai ƙera amalanken shanu. A Damari ba wanda ya san shi.

Dada, uwar mijinta, ta taɓe baki.

"Wagi me? Sunan mutum ne ko na maganin ƙwari? Ba a kiran jikana da abin da ba a san ma'anarshi ba. Ku ce Abba ku huta."

Shafa'atu ta sunkuyar da kai. Ita ma ba ta sani ba. Tun babanta yana raye kunya ta hana ta tambaya.

Bayan arba'in ta nemi izini, ta goya yaron ta hau mota zuwa Faskari, wurin Malam Mas'ud, wanda suka koyi walda tare da babanta. Ta iske shi a zaure, ido ya yi rauni.

"Baba, mene ne Wagina?"

Tsoho ya yi dariya har da tari.

"Sunan maigidanmu ne, wani Bajamushe da ya zo aikin gona. Wagner. Ya ce a ƙasarsu sana'ar kaka ita ke zama sunan zuriya, nashi kakannin masu ƙera keken doki ne. Amma shi, wallahi, ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba! Ran da babanki ya haɗa amalanken farko, sai Bajamushen ya dafa shi ya ce, kai ka cancanci sunan nan, ba ni ba."

Ya shafa kan jaririn. "Shekara shida ban ji an faɗe shi ba."

Da ta koma ta kwashe duka ta faɗa wa Dada.

"Ashe maƙeri ne kawai," in ji Dada. "To, kira abinki. Ni dai harshena ya saba da Abba."

Gidan duka suka bi Dada. Da hantsi, in kowa ya tafi gona, Shafa'atu takan zaunar da yaron bisa cinya, amalanke na wucewa bayan katanga yana ƙara.

"Wagina," ta ce a hankali wata rana.

Yaron ya waiwayo.